Shekarar da Muka Ci Tsutsar Aduwa

Ruwan bana ya sauka da wuri, kuma tun da aka yi na shuka ba a jera kwana huɗu babu ko yayyafi ba. Jiya da hantsi ina zaune ƙofar ɗakina a nan Tawa ina tsintar wake, sai jikata ta shigo a guje da takalmi ɗaya, wai wani baƙin abu ya faɗo mata a kafaɗa daga aduwar bayan gida. Na lallaɓa na je na duba. Tsutsa ce baƙa wuluk, kaurin babban yatsa, da fararen ƙayoyi a baya da jajayen ɗigo a gefe. Na ɗora ta a tafin hannuna ina kallo, yarinyar tana can nesa tana cewa in yar, ƙazanta ce. Na ce mata wannan ƙazantar ce ta nome gonar da ta ciyar da uwarta. Ta zaci tsokanar da na saba yi mata ce, ta tafi neman takalminta.

Ba tsokana ba ce. Zamanin soja ne, shekarar da ta biyo bayan babban fari. Ina da shekara ashirin ko kusa da haka, ina aure a wani ƙauye gabas da Barmu, wanda gonakinsa ke kan tudu, rijiyarsa tana cikin fadama. Daminar da ta gabata mun yi shuka sau uku, sau uku rana ta ƙone ta. Hatsin da ya kai gwiwa ya tsaya nan ya bushe a tsaye. Buzaye da Fulani suna gangarowa daga arewa da ragowar shanun da ƙashi kawai ya rage musu, suna ba da saniya a kan tiya biyu ta hatsi, ba mai karɓa. Maigidana, wanda ba zan kama sunansa ba ko yanzu da furfura ta cinye kaina, ya sayar da awakinmu ya hau mota zuwa Abijan biɗa, wato neman kuɗi, kamar yadda mazan Adar suka saba. Ya ce zai dawo da ruwan farko. Ya bar mu mu uku a gidan: ni, da 'yata Larai mai shekara biyu, da uwarsa, wadda nake kira Inna.

Inna doguwa ce siririya, ba ta dariya sai dole. Ba ta taɓa zagina ba, ba ta kuma taɓa yabona ba. Idan tuwo ya yi daɗi, iyakar abin da za ta ce shi ne an ci. Gaskiya tsoronta nake ji, irin tsoron da ke sa mutum ya yi tuntuɓe a fili.

Da rani ya tsananta matan ƙauye suka watse cikin birni neman dakau da ɗiban ruwa, ni ma na goya Larai na bi su. Inna ta ce ba inda za ta. Tana da tukunya guda ta irin hatsi, ta gauraya shi da toka, ta liƙe bakin da laka, ta binne ƙarƙashin gadonta. Ta ce idan ta tafi wa zai tsare. A Tawa na sami aiki gidan wani mushe, wato malamin boko, da ke koyarwa a lakkwal, mutanen kudu ne daga wajen Gaya, Kiristoci. Matarsa, wadda kowa ke kira Madam, mace ce mai jiki da yawan dariya, ba ta taɓa miƙo mini abinci ta hanyar da zan ji ni mai roƙo ce ba. Wata rana aka aiko mata da wani ƙunshi daga garinsu, ta soya abin da ke ciki da albasa da tattasai, ƙamshi ya cika gidan. Na zaci busasshen kifi ne. Da na leƙa kaskon na ga tsutsotsi, sai na fizge hannun Larai, wadda har ta kai ɗaya baki, na je na wanke mata baki da sabulu.

Madam ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Habsu, ku da kuke cin fara da idanunta da ƙafafunta, yau ku ne masu ƙyama?"

Na ce fara daban, tsutsa daban. Ta ce to, amma in ji, ko don wata rana. Wadda ba ta da gashi, kuma take cin ganyen da mutum ke ci, ita ake ci. Ta ƙara wasu bayanai a kan lokacin ɗiba da yadda ake gyarawa. Na saurara da kunne ɗaya, ina ta wankina, ina cewa a raina Allah ya raba ni da wata ranar nan.

Ruwan farko ya same ni a Tawa. Da la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso, sai ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da muka yi wata goma ba mu ji ba. Mutane suka fito waje suna tsaye cikin ruwan kamar ba su da ɗaki. Da gari ya waye duk matan ƙauye sun ɗaure kayansu. Madam ta ba ni tiya biyu ta dawa da ɗan gishiri, muka sami kamiyo, babbar motar kaya, har Barmu, daga nan muka taka da ƙafa. Na tarar da Inna ta ƙara tsawo saboda rama, ta riga ta tono tukunyarta. Maigidana bai zo ba, babu kuma wanda ya zo da saƙonsa. Yanzu idan miji ya yi kwana biyu bai kira waya ba sai ka ji yarinya tana cewa ya manta da ita. Mu a lokacin, sai wanda ya dawo daga can ya ce ya gan shi a tasha wata uku da suka wuce, ka yi hamdala.

Mu biyu muka yi shuka. Inna tana gaba da sungumi tana sara, ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige, Larai a bayana. Ba zan ɓoye ba, na riƙa jefa ƙwaya biyu uku a baki idan Inna ta ba da baya. Na manta da tokar da ke jikin irin. Da muka kai ƙarshen layi ta juyo ta dubi leɓena, na tabbata yau zan ji abin da ban taɓa ji ba. Sai na ga nata leɓen ma fari fat. Muka juya muka kama wani layin.

Kwana huɗu hatsi ya tsiro, ruwa ya sake zuwa, ya kuma sake. Wanda bai ga shekarar fari ba ba zai san daɗin ganin tudu ya yi kore ba. Sai dai ba hatsi kaɗai ruwa ya tayar ba. Ƙasar da ta huta shekara guda ta fitar da ciyawa babu ƙaƙƙautawa, ƙarangiya da sauransu, kafin mu ankara sun kamo hatsin a tsawo. Daidai lokacin kuma abinci ya ƙare ƙaf. Dawar Madam ta tafi tun makon shuka. Jar dawar taimako da sojoji ke rabawa sau ɗaya kamiyonta ya iso ƙauyenmu, muka yi layi tun safe wani soja yana gyara mu da bel, kowane gida ya sami abin da bai wuce kwana biyar ba. Muka koma ga anza, wadda sai an jiƙa ta kwana huɗu ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya saki, da ganyen tafasa, da yaɗiya, da dubagira, wato ganyen aduwa. A dafa ganye, a matse, a barbaɗa dusa idan akwai, a ci a sha ruwa.

Yunwa idan ta daɗe ba a ciki take zama ba, gwiwa take sauka. Ka ɗaga hauya ka ji kamar an ɗaura mata dutse. Ka sunkuya ka miƙe, duniya ta yi baƙi, kunne ya riƙa ƙara. Ga zafin bayan ruwa, wanda ke tasowa daga ƙasa ya haɗu da na sama, zufa tana zuba ba abin da zai mayar da ita. Layin da nake nomewa kafin hantsi a shekarun lafiya, sai ya kai ni azahar ina hutawa sau biyar.

Akwai wani Alhaji a ƙauyen mai gonaki da yawa da sauran hatsi a rumbu, yana ba da rabin tiya ga duk wanda ya yi masa yini. Kusan kowa can ya tafi. Mu ma muka riƙa yi masa kwana biyu, rana ta uku mu je tamu. Dabarar ba ta yi ba. Rabin tiyar da za ka samu, ƙarfin da ka zubar wajen samunta kawai take mayarwa, ranar taka gonar kuma ka zo fanko. Ko kashi ɗaya cikin uku ba mu nome ba, sauran hatsin ya fara yin rawaya a cikin ciyawa, siriri kamar tsintsiya. Wata la'asar Inna ta tsaya a bakin gonar ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "In munka ƙara kwana goma ba mu hidda shi ba, haki ya ci gonag ga. Kuma babu wani iri, na zazzage tukunya."

Na san abin da take nufi. Idan gonar ta tafi, baɗi ba fari ne zai kore mu ba, mu da kanmu za mu rufe gidan mu tafi bara, kuma ba lalle mu dawo ba.

Washegari ni da maƙwabciyata Ai muka tafi tsinkar dubagira. Ai sa'ata ce, mijinta ma yana biɗa, bakinta kuwa ko yunwa ba ta rage masa kaifi ba. Akwai aduwoyi bakwai a bakin ƙorama, su ne suka tsira daga fari, su ne kuma rumbun matan ƙauye a lokacin. Tun daga nesa na ga kamar an yi musu aski. Da muka matso sai muka ji wani ɗan sauti kamar yayyafi alhali sama tas take. Kashin tsutsa ne ke zubowa. Kowane reshe baƙi ƙirin da su, suna cin ganye ba ɗaga kai.

Ai ta aje ƙwaryarta ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Habsu, zo ki ga ikon Allah. Ɗan abin da yar rage muna ma an aiko mai cinye shi."

Ni haushi ne ya kama ni, ba tsoro ba. Na tsaya ina kallon yadda suka yi ɓul-ɓul da abincin 'yata, sai maganar Madam ta faɗo mini. Na ciro ɗaya na juya ta. Ba gashi, ba irin gizakar nan ba ce mai sa ƙaiƙayi, ƙayoyinta ma taushi gare su. Ganyen da take ci kuwa shi na ci jiya. Na jira Ai ta juya neman yaɗiya, na kakkaɓe reshe biyu a ƙwaryata, na rufe da ganye.

Nan na yi wautar da har yau nake dariyarta. Mu mutanen fara ne, abin da hannuna ya sani ke nan. Na tafasa ruwa a bayan ɗaki na zuba su yadda ake yi wa fara, na tsame, na barbaɗa gishiri, na rufe ido na kai ɗaya baki. Ɗacin da na ji ko anzar da ba a jiƙa ba ba ta kai shi ba. Cikinta cike yake da ɗanyen ganyen aduwa, kore shar. Na amayar da ita tare da ɗan abin da ke cikina, na zauna ina zagin Madam da duk mutanen kudu. Sai da zuciyata ta huce sannan sauran maganarta, wadda na ji da kunne ɗaya, ta riƙa dawowa guntu-guntu. Ba a kan ganye ake ɗiba ba. Wadda ta ƙoshi ta daina ci, ita ke saukowa da sassafe ta shiga ƙasa, cikinta wayam. Wadda aka samu da saura kuma sai a matse ta daga kai zuwa wutsiya.

Da asuba, bayan na yi salla, na koma ƙorama. Raɓa ta jiƙa mini zane har gwiwa. Ga su kuwa suna gangarowa a jikin itacen a hankali, wasu har sun fara tona ƙasa a gindi. Na tsince manya, na matse, na wanke a ƙorama. A gida na yi bisimilla na dafa da 'yar kanwa da gishiri, na babbake ƙayoyin a kan garwashi. Wannan karon abin da na ji a bakina nama ne, mai maiƙo, kusa da fara mai ƙwai amma ya fi ta taushi. Na ci goma na tsaya. Ban ba Larai ba, na ce idan mutuwa ce ta ɗauke ni ni kaɗai. Na ɗauki hauya na tafi gona ina sauraron cikina. Hantsi ya yi, azahar ta yi, ban mutu ba. Abin da na lura kawai, na kai ƙarshen layi na uku ban zauna ba.

Rana ta biyu na ba Larai, ta cinye ta miƙo hannu. Sauran na shanya a kan rufin ɗaki, na daka, na zuba garin a cikin tafasar dare. Inna ta kai loma biyu ta tsaya.

"Ina kinka samu hwara cikin damina?"

Na yi niyyar ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Ba hwara ba ta, Inna. Tsutsar aduwa ta."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ture akushin a hankali, ta wanke hannu, ta ce ita ɗiyar mutane ce, uwayenta sun ga yunwar da ta fi wannan ba su ci abin da ke jan ciki ba. Daga ranar ta raba tukunya da ni. Maƙwabciyata Ai kuwa ta leƙo ta katanga ta ga shanyata, kafin magariba duk ƙauye ya ji. Idan na je rijiya sai mata su janye gugansu.

Kwana uku Inna tana cin ganye zalla tana bina gona. Rana ta huɗu da hantsi na waiwaya ban gan ta a layinta ba. Tana kwance cikin ciyawa, hauyar tana kanta. Na ja ta zuwa inuwar wata bagaruwa, na yayyafa mata ruwa. Da na sassauta mata zane na tarar ta ɗaure cikinta da tsumma, ta tamke shi har ya shiga fata. Ban san lokacin da na fara magana ba, ni da ban taɓa ɗaga ido na dube ta ba.

Na ce, "Inna, in kin mutu nan, ni ɗaya ba ni iya gonag ga. Ke kinka tsare iri wata bakwai ba ki ci ba. Yanzu don ƙyama za ki bar ma haki shi?"

Ta daɗe idonta a rufe. Na ce shi ke nan, na yi rashin kunya, aurena ya mutu a gindin bagaruwa. Can ta ce, "Tahi ki tambayo Malam."

Limaminmu tsoho ne, idonsa ya fara tafiya, ƙafafunsa sun kumbura kamar na kowa a shekarar. Na durƙusa daga wajen zaure na faɗi abin da ke tafe da ni, almuru na kusa, kunya kamar ta kashe ni. Ya tambaye ni ko abin yana da jini mai gudu, na ce babu. Ya ce yana cutar da wanda ya ci? Na ce yau kwanana biyar ina ci, ga ni.

Ya ce, "To, yadda kuka yi ma hwara. Ku yi niyya, ku yi bisimilla, ku zuba ta ruwan zahi." Har na miƙe sai ya ƙara da cewa, "In an dahwa a aiko da kaɗan, in san abin da niy yi hukunci bisa nai."

Inna ta ci a daren, ta juya fuskarta ga bango. Ta cinye tas, ta miƙo akushin ta baya ba ta dube ni ba, ta ce gishiri ya yi kaɗan. A bakin Inna wannan kirari ne, na fita waje na yi murmushina ni kaɗai.

Da aka ji Liman ya ci, kuma ya aiko a ƙara, asubar da ta biyo mu tara ne a bakin ƙorama. Ai ta zo da tsinke biyu wai ba za ta taɓa da hannu ba. Kafin rana ta fito ta yar da tsinken, tana tsinta da hannu biyu tana ture ni da kafaɗa, tana cewa Sarauniyar Tsutsa ta matsa ta ba talakawa wuri. Sunan ya bi ni shekaru. Muka koyi tona ɗan rami kewaye da gindin kowane itace, masu saukowa su taru a ciki, mu kwashe. Wasu na matsewa, wasu na wankewa, hannuwa duk sun yi kore, sanyin safiya yana kaɗa mu, ana ta ba'a. Rabon da in ji dariyar mata da yawa wuri ɗaya tun kafin fari. Inna da ta zo rana ta uku, ita ta hana a taɓa aduwar ƙarshe. Ta ce a bar musu iri su ma.

A bakin ƙoramar nan muka yanke shawarar da ta fi tsutsar kanta amfani. Kullum mata uku su je gonar Alhaji su kawo hatsi a raba, shida su taru a gonar ɗaya daga cikinmu, gobe a juya. Ba cewa nake tsutsa ta cika mana ciki ba. Cokali biyu ne na garinta a cikin ganye, da ɗan kunu. Amma gwiwa ta daina rawa, duhun nan na ido ya ragu, kuma mutum shida a layi ɗaya ba ya barin ka zauna ko kana so. Aka fara da gonarmu saboda ita ta fi shiga haɗari. Ranar da muka kai ƙarshenta hadari ya haɗo, muka nome layin ƙarshe ruwa yana dukan bayanmu, ba wadda ta gudu. Kwana tara ke nan da maganar kwana goman da Inna ta yi.

Tsutsar ba ta wuce kwana goma sha biyu ba, ta shige ƙasa, aduwoyin suka sake toho kamar ba abin da ya faru. Busasshiyar da muka tara ita ta kai mu maimai, wato noma na biyu. Hatsin da ya yi rawaya ya juye kore har yana baƙi-baƙi, ya yi kara, ya yi ciki, ya fitar da kai. Ranar da na gasa tumun farko, Larai ta ci har ta yi barci da zangarniya a hannu.

Muna cikin girbi maigidana ya dawo, a rame, da 'yar rediyo da turmin zane ɗaya. Ciwo ya kwantar da shi a can wata huɗu, ya taho yana tsammanin zai tarar da kango. Sai dai tun a kasuwar Barmu abokan wasansa suka tare shi da labarin cewa matarsa ta ciyar da uwarsa tsutsa. Kwana biyu yana gidan yana gaishe ni sama-sama. Na ji ciwon abin ƙwarai.

Ranar zuba hatsi a rumbu ta zo. A wajenmu mace ba ta shiga rumbun miji, ko leƙawa ba ta yi, ana cewa albarka za ta gudu. Shekara huɗu ina gidan ban san yadda cikinsa yake ba, sai dai a miƙo mini dami daga sama. Muka tara dammunan a gindin rumbun, ya jingina tsani ya fara hawa. A mataki na biyu ya tsaya, ya yi ƙasa da murya.

"Inna, abin da anka ce mani Barmu, gaskiya na?"

Ta ce, "Gaskiya na. Har ƙari niy roƙa." Ta dubi tarin dammunan, ta dube shi. "Sauko."

Ya sauko yana kallonta.

Ta ce, "Riƙe mata tsani."

Ya tsaya cak. Ni ma na tsaya, na zaci ban ji daidai ba, sai da Inna ta karɓi Larai daga hannuna ta nuna mini tsanin da haɓa. Na tattare zane na hau, maigidana yana riƙe da shi da hannu biyu. Na zura ƙafa ta bakin rumbun na dira ciki. Sanyi ne a wurin, da ƙamshin laka da tsohon ƙaiƙayi, ƙasan a share ƙal, ko ƙwaya ɗaya babu. Haske yana saukowa ta sama. A nan, inda ba mai ganina, kukan da ban yi ba tun farkon fari ya zo mini, na toshe baki da gefen zane.

Na ji muryar Inna daga waje tana cewa, "Habsu, jera su yadda kika so. Ke kin san wuyar da kowane yab ba mu."

Na share fuska na ce to. Kan maigidana ya toshe hasken, ya miƙo dami na farko, na ɗaga hannu na karɓa.